Bayan Sakandare, Ina Matashi Mai Naƙasa Zai Dosa?

 Yau za mu tsaya a Gonin Gora, unguwar da matafiyi daga Abuja yake fara cin karo da ita kafin ya shiga cikin garin Kaduna, a Ƙaramar Hukumar Chikun. A nan, da Unguwar Romi da Sabon Tasha da Kakau da sauran unguwannin kudancin kogin Kaduna, kowace shekara ana yaye ɗalibai daga sakandare, a yi walima, a ɗauki hotuna, kowa ya shiga neman gurbin karatu ko wurin koyon sana'a. A cikin waɗannan matasa akwai makaho, akwai kurma, akwai wanda shan inna ya shanye masa ƙafa, akwai zabiya da rana ke cutar da fatarsa da idonsa, akwai kuma mai jinkirin fahimta wanda da ƙyar aka samu makarantar da ta karɓe shi tun farko. Ga yawancinsu, ranar da aka tashi daga makaranta ita ce ranar da hukuma take daina sanin inda suke. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, babbar asarar da muke yi tana faruwa ne a tsakanin shekara goma sha biyar zuwa ashirin da biyar, kuma dalilinta shi ne babu wani mutum guda da aka ɗora wa alhakin raka matashi mai naƙasa daga aji zuwa kwaleji ko wurin aiki. Wannan giɓi ana iya cike shi da abin da Kaduna take da shi a hannu yau.

Mu fara da abin da doka ta ce. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya, wadda ta kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuransu. Dokar ta ba su ilimi kyauta har zuwa sakandare. Ta ce makarantun gwamnati, daga firamare har manyan makarantu, su zama na kowa da kowa, su tanadi ƙwararren ma'aikaci da kayan aikin da mai naƙasa zai yi karatu da su. Ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke ko mai sanda zai iya shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021, ta kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman. Duk wannan ci gaba ne, kuma sai a yaba wa ƙungiyoyin naƙasassu da suka yi shekara da shekaru suna fafutuka kafin a kai nan. Amma ku lura da inda alkawarin ilimi kyauta ya tsaya: ƙofar fita daga sakandare. Ku kuma lura da inda alkawarin aiki ya fara: hannun wanda yake riƙe da takardar shaida. Tsakanin waɗannan wurare biyu akwai shekaru huɗu ko biyar na kuɗin makaranta da kuɗin mota da kuɗin na'ura da kuɗin tafinta, kuma nauyinsu duka yana kan iyaye.

Akwai dalilan da suka sa maganar ta fi matsuwa yanzu. Na farko, yaran da shan inna ya kama a shekarun da cutar ta yi ƙamari a Arewa sun girma. A 2006 kaɗai an tabbatar da sama da yara dubu ɗaya da cutar ta kama a Najeriya, mafi yawansu a jihohin Arewa. An ayyana kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka a watan Agustan 2020, aka yi murna, amma yaron da ya kamu a 2006 yau saurayi ne mai kimanin shekara ashirin, yana buƙatar sana'a da aure da ɗakin kansa. Na biyu, tsohuwar hanyar da al'umma ta saba tura naƙasasshe, wato bara, gwamnatin Kaduna ta haramta ta a kan tituna tun 2015, dokar tarayya ma ta hana a yi amfani da mai naƙasa wajen neman sadaka. Babu mai hankalin da zai so ɗansa ya ƙare rayuwa a bakin titi da ƙoƙo a hannu, amma wanda ya toshe wata hanya wajibi ne ya buɗe wata. Na uku, masaƙun Kakuri da suka riƙe dubban gidaje a kudancin garin Kaduna sun durƙushe tun farkon shekarun 2000, saboda haka gidan da a da albashin mutum ɗaya yake ɗaukar kowa, yau kowa sai ya fita nema. A irin wannan gida, idan kuɗin rajista bai isa ga yara biyu ba, kowa ya san wanda za a ce ya haƙura ya zauna.

Abin mamaki shi ne, garuruwa kaɗan ne a Arewa suka kai Kaduna tara cibiyoyin da wannan aiki yake buƙata. Akwai makarantar jiha ta masu buƙata ta musamman da ake kira KASSES, akwai makarantar kurame a Kawo, akwai cibiyar koyar da naƙasassu sana'a a Kakuri, wadda ba ta da nisa da Gonin Gora. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, inda za a iya auna matsalar yaro a san abin da ya dace da shi. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda take da sashen da ke horar da masu aikin kula da naƙasassu, akwai Jami'ar Jihar Kaduna, akwai cibiyar karatu ta jami'ar karatu daga gida. Hedikwatar hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha a ƙasa baki ɗaya tana Kaduna, haka ma Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa. Ga kuma Panteka, inda dubban matasa ke koyon ƙira da walda da kafinta. Kowace daga cikin waɗannan tana aikinta a cikin katangarta, tana amsa umarni daga ma'aikatarta. Likitan ido zai ce yaro ba zai ƙara gani ba, ya sallame shi, ba aikinsa ba ne ya gaya wa uwar inda ake koyon rubutun makafi. Makaranta za ta yaye ɗaliba kurma, ba aikinta ba ne ta bincika ko kwalejin da ta nema tana da tafinta. Mun zama kamar mutanen da suka haƙa rijiyoyi a kowace kusurwa suka manta da guga.

Domin a gane inda matashi yake maƙalewa, sai a bi shi mataki mataki. Hukumar JAMB ta yi abin a zo a gani tun 2017, lokacin da ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola domin shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na daban. Wannan ya buɗe ƙofar shiga. To amma samun gurbi farkon wahala ne. Ɗalibi mai keken guragu da ke zaune a Gonin Gora, idan ajinsa yana Tudun Wada, sai ya sauya abin hawa fiye da sau ɗaya ya tsallaka kogi, kuma mai keke napep ko ƙaramar bas sau da yawa zai caje shi kuɗin kujera biyu saboda kekensa, ko ya wuce shi don gudun ɓata lokaci. In ya isa, lacca tana hawa na biyu, matakala ce kaɗai hanya, banɗaki kuma ƙofarsa ba ta ɗaukar keke. Kurma zai zauna awa biyu yana kallon bakin malami, domin ba a ɗauki mai fassara da maganar hannu ba. Makaho zai sayi takardun lacca da ba zai iya karantawa ba, sai ya roƙi abokin aji ya karanta masa, alhali da malamin ya ba shi rubutun a waya ko kwamfuta, manhajar da ke karanta rubutu da murya ta wadatar da shi. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli ƙarama ce, amma idan suka taru a kan mutum ɗaya kullum, sai ka ga ɗalibi mai ƙwazo ya ajiye karatu a shekarar farko, jama'a kuma su ce ai da ma ba zai iya ba.

Mafitar da nake ganin ta fi dacewa tana da ƙafa uku. Ta farko, kowane ɗalibi mai naƙasa ya samu rubutaccen tsari tun yana aji uku na ƙaramar sakandare, wanda za a zauna a rubuta tare da shi da iyayensa da malaminsa: me yake so ya zama, me yake iyawa, wace na'ura yake buƙata, wace makaranta ko wane shago zai nufa, wa zai biya me. Tun ran gini ran zane. Ta biyu, a kowace ƙaramar hukuma a samu jami'i sananne, mai suna da lambar waya da ofis a ƙasa ba a bene ba, wanda zai riƙe wannan takarda ya bi matashin har ya kama aiki, a kuma riƙa auna jami'in da yawan waɗanda suka kai gaci. Ta uku, kowace babbar makaranta ta buɗe ofishin tallafa wa ɗalibai masu naƙasa, wanda yake da ikon sauko da lacca zuwa ɗakin ƙasa, ya ƙara lokacin jarrabawa, ya ɗauki tafinta, ya ware ɗakin kwana kusa da aji. Wasu ƙasashe sun riga sun gwada haka. A Amurka doka ta wajabta a fara irin wannan tsari kafin ɗalibi ya wuce shekara 16. A Ingila dokar 2014 ta ba da damar tsarin tallafin ya bi matashi har shekara 25. A nan gida ma Jami'ar Ilorin ta daɗe da cibiyar da ke samar wa kurame masu fassara, abin da ya sa kurame daga sassan ƙasar nan suke tururuwa can.

Ba kowane matashi ne zai je jami'a ba, kuma tsarin da ya manta da wannan ya manta da mafi yawa. Waɗanda aka fi bari a baya su ne masu jinkirin fahimta da masu galahanga, waɗanda ba su da ƙungiyoyi masu ƙarfi kamar na makafi da kurame da guragu, sau da yawa ma a ɗaki ake kulle su. Irin waɗannan abin da suke buƙata shi ne shiri na shekara ɗaya ko biyu da zai koya musu ƙirga kuɗi da shiga mota su kaɗai da kula da tsaftar jiki da kare kai daga masu cin zarafi, tare da aiki guda da za su ƙware a kai, kamar kiwon kaji ko shirya kaya a kanti ko aikin gidan burodi. A Amurka tun 2008 doka ta amince kwalejoji su buɗe irin wannan shiri a cikin harabarsu. A wurinmu, hanyar da ta fi kusa ita ce tsohon tsarin ubangida da yaron shago. NBTE tana da tsarin ba da takardar shaidar ƙwarewa ga wanda ya koyi sana'a a hannu, kuma an riga an fara aiki da shi a Panteka. Abin da ya rage shi ne a biya maigidan shago wani ɗan alawus idan ya karɓi mai naƙasa, a gyara masa benci ko injin yadda zai dace, jami'i kuma ya riƙa leƙawa. A kuma daina ɗauka cewa sana'ar naƙasasshe ba ta wuce ɗinkin takalmi da saƙa da haɗa man shafawa. Gyaran waya da haɗa wutar sola da aikin kwamfuta da lissafin kuɗin shago duk suna cikin abin da gurgu ko kurma zai yi ya fi mai ƙafa da kunne.

Na san abin da wasu za su ce: ina kuɗin? Jihar da take fama da matsalar tsaro da azuzuwa marasa rufi, ta yaya za ta ɗauki wannan? Tambaya ce mai nauyi, amma a duba abin da ake kashewa yanzu. Duk ranar 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya, da duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, ana tara mutane a fili a raba kekuna da kekunan ɗinki da buhunan shinkafa. Keken da ba a auna shi da jikin mai shi ba yana jawo gyambo, keken ɗinkin da aka ba wanda bai koyi ɗinki ba kuma kasuwa yake komawa. Kuɗin irin wannan biki guda zai biya albashin tafinta na tsawon lokaci, tafinta ɗaya kuwa aji guda yake yi wa aiki. Sannan yawancin gyaran da ake magana ba ya cin kuɗi: mayar da lacca ɗakin ƙasa umarni ne kawai, tura wa makaho rubutu ta waya ma haka. Gangaren shiga gini kuma arha ne idan an sa shi tun a zane, sai an zo fasa gini daga baya yake tsada, don haka asusun TETFund da ke gina azuzuwa a manyan makarantu bai kamata ya biya kuɗin ginin da mai keke ba zai shiga ba. A ƙarshe, zaman matashi a gida ma yana da farashi, sai dai ba a rubuta shi a kasafin kuɗi: uwa ce take barin kasuwa, ƙanwa ce take barin makaranta domin jinya ko jan gora.

Wasu kuma za su ce, masu lafiya ma sun gama digiri suna yawo da takardu, me zai sa a wahalar da makaho? Amsar ita ce rashin aiki ya fi cin wanda ba shi da zaɓi. Mai ƙafa da ido idan bai samu ofis ba zai ja keke napep, ko ya yi dako, ko ya shiga aikin gini. Wanda ba ya gani ko ba ya tafiya, waɗannan ƙofofi a rufe suke gare shi, iliminsa da ƙwarewar hannunsa su ne jarinsa, saboda haka ya fi kowa buƙatar karatu. Tarihinmu ya nuna abin da ke faruwa idan an raka mutum har ƙarshe. Makarantar makafi ta Gindiri, wadda aka buɗe a 1953, ita ta fara koyar da marigayi Bitrus Gani, wanda ya je Ingila ya koyi aikin gashin ƙashi da motsa jiki, ya dawo ya yi shekaru yana jinyar masu ido a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma kafa gidauniyar tallafa wa makafi a Zariya. A Kano, guragu sun haɗa ƙungiya suna ƙera kekunan da 'yan'uwansu ke hawa. Sannan kashi 5 cikin 100 da doka ta ware ba zai cika ba muddin shugaban ma'aikata zai iya cewa ya nema bai samu mai takarda ba. Horar da matasan nan shi ne zai kashe wannan uzuri.

Akwai kuma masu cewa mu ba Turawa ba ne, muna da zumunci, dangi ba sa yar da nasu. Gaskiya ne zumunci ya riƙe naƙasassu da yawa da hukuma ba ta san da zamansu ba. Amma Gonin Gora unguwa ce ta ma'aikata da 'yan haya da waɗanda suka baro ƙauyuka, inda kawu da goggo suke can nesa, kowa kuma yana fama da kansa. Iyaye suna tsufa, suna mutuwa, kuma tambayar da ke hana uwar yaro mai naƙasa barci ita ce wa zai riƙe shi bayan ranta. Soyayyar da ta tsaya ga ciyarwa da ɓoyewa tana barin mutum ɗan shekara talatin bai taɓa riƙe kuɗinsa ba. Abin ya fi tsanani ga 'ya mace, wadda ake hana ta fita don tsoron kada a cuce ta, alhali rashin ilimi da rashin abin hannu su ne suke sa a cuce ta ba ta da bakin kai ƙara. Tsarin da nake magana a kai zai yi aiki ne da abin da muka gada. Sarkin makafi da sarkin guragu sun san mutanensu gida gida fiye da kowace ma'aikata. Coci da masallaci da mai unguwa su ne za su iya shiga gidan da aka ɓoye yaro su shawo kan uba. Su ya kamata jami'in ƙaramar hukuma ya fara zama da su.

Saura masu ganin cewa a gina wa naƙasassu kwalejinsu daban a huta. Wannan ra'ayi yana da hujja, musamman ga kurame, waɗanda suke samun sauƙin karatu a inda kowa ke maganar hannu. Jami'ar Gallaudet da ke Washington tun 1864 take wannan aiki, kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, ta yaye malamai masu yawa da ke koyarwa a makarantunmu. Irin waɗannan cibiyoyi suna da amfani a matsayin wurin horar da malamai da tafintoci. Sai dai kwaleji guda ba za ta koyar da lauya da injiniya da akawu da ma'aikacin jinya duka ba, kuma iyaye kaɗan ne a Chikun za su iya tura 'yarsu makauniya har Oyo. Bayan haka, matashi zai yi rayuwarsa ne a cikin jama'a, kuma abokin ajinsa na yau shi ne zai zauna a kujerar ɗaukar ma'aikata gobe. Wanda ya yi shekara huɗu yana ganin makaho yana cin jarrabawa tare da shi ba zai yi masa kallon mabaraci ba ranar da ya kawo takardar neman aiki.

Saboda haka ga abin da ya kamata mu nema, kowa a inda hannunsa yake kaiwa. Hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta jiha da Ma'aikatar Ilimi su fitar da sunayen ɗalibai masu naƙasa da za su gama sakandare a bana, su kuma bayyana wa jama'a bayan shekara guda inda kowane rukuni ya kai. Ƙaramar Hukumar Chikun ta naɗa jami'in da zai bi su, ta fara da mazaɓa ɗaya idan ba za ta iya duka ba. Shugabannin manyan makarantun Kaduna su buɗe ofishin tallafi kafin zangon karatu mai zuwa, su sa masu naƙasa a cikin masu tafiyar da shi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu shaguna da kamfanoni su karɓi almajirin sana'a ko da guda ɗaya ne. Iyaye kuma, idan ɗanku ko 'yarku ta kai aji uku, ku je wurin shugaban makaranta ku tambaye shi a rubuce wane shiri aka yi mata bayan ta gama, ku riƙe kwafin takardar, domin doka tana bayanku.